Injiniya Ya Ari Yatsan Matarsa

Shekara talatin da ɗaya ya yi a kamfanin wutar lantarki, kuma a duk tsawon shekarun nan aikinsa bai wuce riƙe tsani da miƙa waya ba. Wasu ne ke hawa falwaya. Shi yana ƙasa, ya tokare ƙafar tsani da takalminsa, ya ɗaga kai yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Amma a unguwa Injiniya ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan tun yana saurayi, ya bi shi da naci har ya zauna, har ya kai ga in ka kira shi da sunan da iyayensa suka sa masa sai ya waiga bayansa ya ga da wa kake.

Mutum ne dogo, mai faɗin ƙirji da murya kamar ana mirgina ganga. Da ya yi ritaya sai ya rataye bel ɗin hawa falwaya a jikin ƙusa a falo, daidai inda baƙo zai fara gani in ya shigo. Fatar bel ɗin ko lanƙwasa ba ta yi ba. Kowace safiya, in ya karya, sai ya soka tasta, ɗan ƙarfen gwada wuta, a aljihun gaba kamar biro, ya tafi bakin shagon mai gyaran rediyo inda tsofaffin unguwa ke zama, ya buɗe musu labarin ranar da wuta ta ja shi ta yar, ya tashi ya kakkaɓe riga ya koma sama. Labarin girma yake da shekaru. A farko daga rabin falwaya ya faɗo, daga baya ya zama daga ƙoli, har wata shekara aka samu ruwan sama a ciki.

Matarsa tela ce. A ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofar gida take ɗinki, da keke guda na ƙafa, da tebur na yanka, da labulen da mata ke shiga baya su gwada kaya. Shekara talatin da takwas suna tare, ita ke wanke kayan aikinsa, saboda haka ta san gwiwar wandonsa ba ta taɓa gogar falwaya ba. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Irin matan nan ce da suka ɗauki rufa wa miji asiri kamar shara da wanke-wanke, aikin da ake yi kullum ba a jiran godiya. In yana son wani abu a wurinta sai ya ce mata Hajiya. In ba ya son komai, "ke" ta ishe ta.

Akwai kuma abu na biyu da ta sani: Injiniya na tsoron allura. Ba irin tsoron da mutum zai yamutsa fuska ya kau da kai ba. Tsoro ne na tsiyayar gumi da rawar gwiwa. In zazzaɓi ya kama shi, sai ya ce wa mai kyamis jikinsa ba ya karɓar allura, wai wutar da ta taɓa jansa ce ta canza masa jini. Ranar da ta haifi 'yarsu ta ƙarshe, jini ya ɓalle mata, likita ya fito ya ce ana neman mai bayarwa, sai Injiniya ya ce bari ya je ya tattaro abokan aikinsa. Bai dawo ba sai da yayanta ya ba da leda biyu ya sha lemo ya huta. Ya shigo shi kaɗai, yana haki, yana zagin cunkoson motoci. Ta dube shi daga kan gado, ta mayar da idonta ta rufe. Maganar ba ta sake tashi ba.

Yana da shekara sittin da huɗu aka gano yana da ciwon suga. Ko wannan gwajin sai da mutum biyu suka riƙe shi, amma da ya dawo unguwa cewa ya yi allurar ce ta lanƙwashe a fatarsa sai da aka canzo wata. Likitar, wata matashiya marar son dogon zance, ta rubuta masa ƙwaya, ta ce ya bar sukari a shayi, ya rage burodi da shinkafa, ya kuma riƙa gwada jininsa a gida kowace safiya kafin ya ci komai.

Auta, 'yar nan da aka sha wuya a haihuwarta, yanzu malamar makaranta ce da gidan mijinta a can wani gefen gari. Ita ta kawo na'urar gwajin ranar Asabar. Ta zazzage kayan a kan teburin falo: na'urar kanta, 'yar mitsila da ba ta kai tafin hannu ba, da kwalbar tsinkayen da ke shan jini, da wani abu kamar biro wanda ake sa 'yar allura a bakinsa.

"Baba, duba nan. Ka ɗora bakin biron a yatsa, ka danna nan. Ƙyas! Shi ke nan. Ɗigo ɗaya kawai take so. Kawo hannunka in nuna maka."

Injiniya ya mayar da hannuwansa biyu baya kamar mai duba aikin leburori.

"Ni za ki koya wa na'ura? Ke da na saya wa fensir? Ajiye, ajiye. Ai na riga na karya, gwajin ba zai yi daidai ba. Gobe."

"To, ka tuna tana ajiye kowace lamba a cikinta. Likita za ta duba."

Wannan maganar ce ta hana shi cin abincin rana da daɗi. Da a takarda ake rubutawa, da ya cika shafi guda kafin la'asar.

Washegari da safe matar ta same shi zaune a bakin gado, biron a hannun dama, yatsan hagu a miƙe, tsakaninsu tazarar taku guda. Gumi ya jiƙa masa wuyan singileti. Ta kai shayi falo, ta share tsakar gida, ta dawo, yana nan yadda ta bar shi.

"Hajiya," ya ce. Nan take ta san akwai magana. "Ita na'ura, kowace iri ce, ba a fara aiki da ita sai an gwada ta a kan wani abu daban. Ka'idar aiki ce. Kawo yatsanki mu ga ko tana da lafiya."

Yatsun tela sun sha allura har sun daina ƙorafi. Ta miƙa masa, sai ta ga ya kasa dannawa, ta karɓi biron ta danna da kanta. Jini ya fito, tsinken ya zuƙe, na'urar ta yi ƙara. Shi kuwa yana kallon silin.

"Nawa ta ce?"

"Ɗari biyu da sittin da takwas."

"Tana aiki," in ji Injiniya. Ya tashi ya je ya sha shayinsa.

Kashegari ma sai aka sake gwada lafiyar na'ura. Rana ta uku bai ma yi bayani ba, ya ajiye mata kayan a kan keken ɗinki ya fita wanka. Haka abin ya shiga cikin ayyukanta na safe: ta ɗora ruwa, ta huda yatsa, ta yanka burodi. Ta san ba daidai ba ne. Amma ta gaya wa kanta kwana biyu ne, zai saba, ba sai Auta ta ji cewa ubanta na jin tsoron abin da bai kai ƙayar kifi ba.

Sau ɗaya ta yi tambayar da ya kamata. Tana shafa auduga a yatsa ta ce, "Ni kam, tunda jinina ne, ashe ni ce mai ɗari biyu da wani abu ɗin nan? Auta ta ce lafiyayye bai kamata ya wuce ɗari da kaɗan ba."

Injiniya ya yi dariyar nan tasa ta wanda aka yi wa tambayar yara.

"Ke ina ruwanki da suga? An ce miki kina da shi? Na'urar nan da shekaruna da nauyina aka saita ta. In jinin mace ya shiga dole lissafi ya hau. Ki bar wa masu aiki aikinsu."

Ba abin da aka saita, ita ma a ranta ta san ƙarya ta fi yawa a zancen. Amma ƙaryar ta yi mata daɗi. Wata shida ke nan ƙishirwa ba ta barinta, gorar ruwa kullum tana gindin keke. Zannuwanta sun yi mata yawa. Zaren da take zurawa a allura ido rufe, yanzu sai ta kai shi bakin taga. Ta ɗora laifin a kan tsufa da zafin gari, ta kuma fi son ya zauna a can.

Bayan wata ɗaya suka koma asibiti. Likitar ta latsa na'urar tana bin lambobin ɗaya bayan ɗaya, fuskarta na ƙara ɗaurewa.

"Baba, kana shan maganin kuwa?"

"Ba fashi, likita."

"Sukari fa?"

"Tambayi Hajiya. Shayina kamar ruwan wanki."

Wannan kam gaskiya ce. Matar ta ɓoye gwangwanin sukari a ɗakin ɗinki, ta rage masa shinkafa, ta tsare shi da ganye har yana cewa an mai da shi akuya. Likitar ta dube ta, ita kuwa ta sa ido a kan jakarta. Aka ƙara masa ƙarfin ƙwaya, aka haɗa da wata.

Da wani ne ya ji an ƙara masa magani a kan jinin da ba nasa ba, da gabansa ya faɗi. Injiniya murna ya yi. Lambobin suka zama sabon labari a shagon mai rediyo, har na falwaya ya samu hutu. Tana jiyo muryarsa daga ɗakin ɗinki in iska ta kaɗo.

"Ɗari uku ba biyu! Likita da kanta ta ce da wani ne da tuni an kwantar da shi. Ta dube ni ta ce, Baba, da me aka yi ka? Na ce mata, 'yata, wanda wuta ta ja bai mutu ba, suga ne zai kayar da shi?"

Yana shan ƙwayoyin kuma ba fashi, don haɗiyar ƙwaya ba ta da tsini. Sai ya fara tashi da ciwon kai. Wajen hantsi hannunsa ya riƙa karkarwa, yunwa ta riƙa kama shi kamar an yashe masa ciki, ya zama mai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta ce masa su koma su faɗi gaskiya. Ya ce wace gaskiya, shi da ke fama da suga ɗari uku ba za a bar shi ya ji jiki ba? Ya riga ya manta jinin wa ake aunawa. Ko kuma ya ga mantawar ta fi sauƙi.

Ranar wata Talata, wajen ƙarfe sha ɗaya, ƙwan wutar ɗakin ɗinki ya mutu. Akwai mata biyu a ciki, ɗaya ta zo karɓar riga, ɗaya ta kawo yadi. Matar ta ce a bari, hasken taga ya isa. Ina! Injiniya ya ji an ambaci wuta, ga kuma 'yan kallo. Ya shigo da tasta a hannu, ya jawo kujera, ya hau, ya cire ƙwan, ya fara yi wa matan bayanin bambancin waya mai rai da matacciya. A tsakiyar bayanin harshensa ya yi nauyi. Ya maimaita kalma ɗaya sau uku. Gumi ya keto masa kamar an watsa masa ruwa, ya dubi ƙwan da ke hannunsa kamar bai san mene ne ba, sannan ya sulalo. Allah ya taimake shi tarin yadudduka ya faɗa wa. Wannan ita ce faɗowa daga sama ta farko da ya taɓa yi a rayuwarsa, kuma daga kan kujerar roba ce.

Mai yadi ta ƙwalla ihu, mai riga ta fita da gudu ta tsayar da tasi. Mutum huɗu suka kinkime shi. A mota matar ta riƙe kansa a cinyarta, jikinsa sanyi ƙalau, tana kiran Injiniya, Injiniya, daga baya ta kira shi da sunansa na gaskiya, wanda rabonta da shi tun suna amarci. Bai amsa ko ɗaya ba.

A ɗakin gaggawa aka huda yatsansa, aka soka masa allurar ƙarin ruwa a bayan hannu, duk bai sani ba. Sugansa arba'in da ɗaya. Aka tura masa ruwan suga ta jijiya, cikin 'yan mintoci ya buɗe ido. Ya dubi silin, ya dubi matarsa, ya dubi hannunsa ya ga abin da ke manne a ciki, sai ya sake lumshewa. Nas ta ce wannan karon ba suga ba ne.

Da yamma likitar ta zo da takarda a hannu. Auta na tsaye a bakin gado, ta zo kai tsaye daga makaranta, alli bai ma fita daga hannunta ba.

"Baba, akwai abin da ban gane ba. Mun yi maka gwajin da ke nuna yadda suganka ya kasance a wata ukun da suka wuce. Ya yi kyau. Kusan kamar na mai lafiya. Amma na'urarka ta gida kullum ɗari biyu da hamsin, ɗari uku. A kan lambobin nan na ƙara maka magani, maganin kuma shi ya kusa kashe ka yau."

Injiniya ya gyara kwanciya. Murya ta fara dawowa.

"Ai dama na faɗa. Kayan yanzu duk jabu ne. Tun ranar da yarinyar nan ta kawo ta na ji ƙararta ba ta yi min ba. Ni da na yi shekara talatin ina..."

"Baba, a babban kanti na saya," in ji Auta, idonta ya ciko. "Wallahi sabuwa ce a kwalinta."

Abin da matar ba ta iya haɗiyewa ba ke nan. Ta haɗiye falwaya, ta haɗiye ruwan sama, ta haɗiye abubuwan da ba su ƙirguwa. Amma ta ga yarinyar tsaye tana shirin ɗaukar laifin kashe ubanta, shi kuma yana kwance yana gyara mata kayan a ka.

"Likita," ta ce, "na'urar lafiyarta lau. Jinina ne."

Har mutumin gadon kusa ya daina tari.

"Tun ranar farko ni nake hudawa. Shi ko sau ɗaya bai taɓa ba. Tsoro yake ji."

"Ke!" in ji Injiniya.

"Tsoro yake ji," ta sake faɗa, a hankali, kamar tana ɗanɗana kalmar. Ta miƙa wa likitar hannunta. Kan yatsun duk ɗigo-ɗigon baƙi.

Likitar ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ce wa Injiniya tsoron allura ba abin kunya ba ne, tana ganin sa kullum, har a wurin sojoji, kuma da ya faɗa tun farko da an san yadda za a yi da shi. Abin kunya shi ne mutum ya ga lamba irin wannan ta fito daga jikin matarsa wata biyu cur, ya ɗauka ya kai majalisa yana tutiya. Sannan ta juyo.

"Ke kuma Mama, da hankalinki. Kin zauna kina kallo ana ba shi maganin da zai kai shi kabari, don kar a ce yana tsoro. Kin kuma ga naki ciwon da idonki kin kau da kai. Zauna nan."

Aka gwada ta a take: ɗari uku da goma sha biyu. Aka buɗe mata kati. Aka ce ciwon ya daɗe a jikinta, har ya fara taɓa idanu, sai an haɗa ta da likitan ido. Ta karɓi takardun ta ninke ta sa a jaka. Abin da ya ba ta mamaki shi ne ba ta ji tsoro ba, wani irin sauƙi ta ji, kamar ta sauke tulun da ta manta yana kanta.

Auta ba ta yi wa ubanta magana ba sai da aka sallame shi. A tasi ta ce, "Baba, da ka faɗa min." Ya ce hayaniyar titi ta hana shi jin abin da take cewa.

Kafin su bar asibitin an haɗa shi da wata nas dattijuwa, gajera, wadda ta ga irinsa ɗari. Ba ta yi masa dariya ba, ba ta kuma lallashe shi ba. Ta ce ya wanke hannu da ruwan ɗumi don jini ya taso. Ya huda gefen yatsa, ba tsakiya ba, a gefen ne ba jijiyoyi da yawa. Ta juya wuyan biron zuwa lamba mafi ƙanƙanta, don allurar ta tsaya a sama-sama. Ta ce tunda shi mai suma ne, a ƙasa zai riƙa zama, ya jingina da bango, ya ɗaure cinyoyinsa da ƙarfi kamar mai tura mota, kar ya riƙe numfashi. Satin farko ma ba huda za a yi ba: ya riƙe biron babu allura, ya ɗora a yatsa, ya danna, ya saba da ƙarar.

"Wannan ai wasan yara ne," in ji Injiniya.

"Shi ya dace da kai," in ji nas ɗin, tana rufe akwatinta.

Aka sayo na'ura ta biyu, matar ta ɗaura wa tata jan ƙyalle don kar su haɗu. Kowace safiya sai ta yi nata tana tsaye, cikin minti guda, sannan ta jawo kujera ta zauna kallon nasa. Mutum mai faɗin ƙirji, zaune a ƙasan ɗaki da gajeren wando, ya miƙe ƙafafu, yana danna biron da ba komai a ciki yana zabura. Sati na biyu aka sa allura, ita ke dannawa, shi ya juya fuska bango yana ƙirga daga goma zuwa ɗaya. Ranar farko ta danna a bakwai. Ya ce ta ci amanarsa. Washegari ta danna a tara.

Da, da ta rufe ƙofa da taga kafin a fara. Yanzu ba ta rufewa. Ba ta yaɗa zancen ba, amma ta daina gadinsa. Mai rigar nan da ta tsayar da tasi ta dawo gwaji, ta tambayi jikin Injiniya, ta ce ita ta ji an ce suga ɗari uku ne ya buge shi.

"Ɗari ukun nawa ne," in ji matar, da fil a bakinta. "Shi nasa tsoro ne. Ɗaga hannunki in ga hammatar."

A sati na biyar ta ce masa ta gama. Likitan ido ya sa mata ranakun zuwa, wasu da sassafe, ba za ta riƙa makara don yatsan wani ba. Ta ajiye masa kayan a ƙasa kusa da bango, ta ɗauki jakarta. Ya ce Hajiya. Ya sake cewa Hajiya. Ta fita.

Tana kan benci a asibitin ido, an ɗiga mata maganin da ke sa komai ya yi hazo, wayarta ta yi ƙara. Ƙarfe tara da kwata. Awa biyu da rabi ke nan da barinta gida.

"Ɗari da goma sha takwas," in ji shi, yana haki kamar wanda ya yi gudu. "Da hannuna. Ko gezau ban yi ba."

"To madalla. Ka karya?"

"Ina fa! Na kasa tashi. Ƙafafun sun ƙi."

"Zauna har su yarda. Burodi na cikin kwando."

Ta kashe wayar. Ta ji wata 'yar dariya ta taso mata, da wani abu kuma da ba dariya ba, ta bar su duka suka wuce.

Idonta na dama an ceto shi, na hagu ya tafi da rabi. Ta rage ɗinki, ta daina karɓar baƙin yadi da aikin ado, ta ci gaba da dogayen riguna da kayan makaranta. Shi kuwa aka mayar da shi kan ƙwaya ɗaya, ya yi ƙiba, ya yi haske. Har yau a ƙasa yake gwajinsa, sau uku a sati, yana ɗaukar kwata guda na awa, wani lokacin da 'yar ƙara. Amma da kansa yake yi, kuma lambar tasa ce.

Kunyar ba ta kai wata biyu a jikinsa ba. A shagon mai rediyo labarin ya fito da sabuwar riga: shi ne ya lura Hajiya na ramewa, ya san in ya ce ta je asibiti ba za ta je ba, sai ya yi mata dabarar injiniyoyi, ya riƙa auna jininta a ɓoye, ya sadaukar da lafiyarsa don a gano nata. Tsofaffin sun riga sun ji ainihin zancen daga matansu. Suka gyaɗa kai, suka ce sannu da ƙoƙari, don zama da shi ya fi zama shiru.

Ranar Alhamis ta farkon kowane wata suke zuwa asibiti tare, a layin masu suga. Ita takan nemi benci na baya kusa da taga. Shi yana gaba, yana zagaya sababbin zuwa, yana duba na'urorinsu, yana faɗa musu gefen yatsa ake hudawa ba tsakiya ba, da ruwan ɗumi, da lamba mafi ƙanƙanta. Abin haushi, duk abin da yake faɗa daidai ne, har wasu na zuwa da tambayoyi. Wata Alhamis ya tsare wani direban babbar mota da aka gano wa ciwon a satin, mutumin ya yi zuru-zuru yana kallon kwalin allurai.

"Haba, ƙato da kai! Mene ne abin tsoro a nan? Ɗan cizon sauro?"

Wata mata da ke kusa da ita a benci ta taɓa ta.

"Baiwar Allah, wancan dattijon ma'aikacin nan ne?"

"A'a. Mijina ne."

"Kai, kin yi dace. Ya san abin sosai."

Matar ta buɗe baki, sai aka kira lambarta daga ciki. Ta tattara katinta da na'urarta mai jan ƙyalle, ta miƙe. Da ta zo wucewa ta gaban direban sai ta tsaya.

"Ɗana, in kana jin tsoro, ka faɗa wa likita yau ɗin nan, da bakinka. Akwai wata nas gajera, ka ce a haɗa ka da ita."

Direban ya ce to, Mama. Injiniya ya ce ai abin da yake shirin faɗa masa ke nan. Ta shiga ta rufo ƙofa.